SHARHI: Dashen Ɓargo Ga Manya Da Muhimmancin Kulawar Kwanaki 100 Na Farko

A 'yan shekarun nan maganar dashen ɓargo ta fita daga bakin likitoci ta shiga majalisun gari da masallatai da gidajen rediyo. Ba kasafai wata ke wucewa ba sai an ji sanarwar gidauniyar neman taimako domin fitar da wani bawan Allah zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi masa wannan aiki, walau saboda cutar sikila, wato amosanin jini, ko kuma saboda sankarar jini. Haka kuma takardun neman agaji irin waɗannan suna isa ofisoshin shugabannin ƙananan hukumomi da fadojin hakimai da dagatai. Iyalai da dama kan sayar da gona ko shanu ko fili domin cika kuɗin tafiya.

Abin da yawancin masu neman taimako da masu bayarwa ba su cika lura da shi ba shi ne, kuɗin da ake ambatawa galibi na dashen ne kawai, alhali kuwa ran marar lafiya, musamman idan babba ne, ya fi rataya a kan kulawar da zai samu a makonni da watannin da ke biyo bayan dashen. Wannan sharhi zai duba wannan ɓangare, domin jama'ar karkara da jami'an da ke hulɗa da su su san abin da ya kamata su tambaya da abin da ya kamata su tanada tun kafin a ɗaura niyya.

Yadda aikin yake

Ɓargo shi ne masana'antar jini a jikin ɗan Adam. A cikinsa ne ake samun ƙwayoyin asali waɗanda ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da kuma waɗanda ke daskarar da jini idan an ji rauni. Idan wannan masana'anta ta lalace, ko kuma tun haihuwa tana ƙera jajayen ƙwayoyi masu siffar lauje kamar yadda yake ga mai sikila, likitoci kan iya maye gurbinta da ta wani mutum mai lafiya.

Saɓanin abin da mutane da yawa ke zato, ba a tsaga marar lafiya. Da farko ana ba shi magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi da na'ura, na tsawon kwanaki, domin a kashe ko a raunana tsohon ɓargonsa da garkuwar jikinsa. Daga nan sai a ɗura masa ƙwayoyin mai bayarwa ta jijiya kamar yadda ake ƙarin jini, su kuma su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi su zauna. Shi kuwa mai bayarwa, ana zuƙo ɓargon ne daga ƙashin ƙugunsa bayan an sa shi barci, ko kuma a tace ƙwayoyin daga jininsa da na'ura. Ba a taɓa lakarsa, kuma jikinsa kan mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Dacewar mai bayarwa da mai karɓa ta wuce dacewar rukunin jini. Akwai wani gwaji na musamman da ake kira HLA, wanda ke duba alamomin da mutum ya gada daga uwa da uba. Tsakanin 'yan'uwa shaƙiƙai, damar cikakkiyar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Ga masu sikila kuwa, tun da dole ne ɗan'uwan ya kasance ba shi da cutar, waɗanda ke samun irin wannan mai bayarwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Ɗan'uwa mai AS yana iya bayarwa. A gidajenmu da ake da 'yan uba da yawa, ya kamata a sani cewa ɗan uba ko ɗan uwa kaɗai da wuya ya wuce rabin dacewa.

Taƙaitaccen tarihi

Wani likita Ba'amurke, Dokta Donal Tomas, shi ne ya fara buga sakamakon gwajin dashen ɓargo ga mutane a 1957, kuma saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1990. A 1984 ne aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka mai fama da sankarar jini da sikila a lokaci guda, wadda aka yi wa dashe saboda sankarar, sai ga shi sikilar ma ta rabu da ita. Tun daga nan aka gane cewa dashe na iya warkar da sikila.

A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yin dashen a 2011, ga wani yaro ɗan shekara 7 mai sikila, da ɓargon ɗan'uwansa. A 2012 aka buɗe rajistar masu niyyar ba da ɓargo a Enugu. A 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da haɗin guiwar Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya yi wa rukunin farko na marasa lafiya dashe a cibiyar da aka gina domin haka. Wannan ci gaba abin farin ciki ne ga ƙasar da ake ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a cikinta duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da iri.

Dalilin da ya sa lamarin manya ya fi nauyi

Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya bi diddigin masu sikila 1,000 da aka yi wa dashe da ɓargon shaƙiƙai masu cikakkiyar dacewa tsakanin 1986 da 2013. Cikin waɗanda ba su kai shekara 16 ba, kashi 95 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Cikin waɗanda suka kai 16 zuwa sama kuwa, kashi 81 ne. Ma'anar wannan ita ce kusan babba ɗaya cikin biyar bai kai shekara biyar ba, duk da cewa ya sami mai bayarwa mafi dacewa, kuma akasari a manyan asibitocin Turai da Amurka.

Dalilin a bayyane yake. Mutumin da ya yi shekara ashirin ko talatin da sikila, cutar ta riga ta ci ƙodarsa da huhunsa da zuciyarsa kaɗan-kaɗan, yawan ƙarin jini kuma ya tara masa sinadarin ƙarfe a hanta. Irin wannan jiki ba ya jure magunguna masu ƙarfi kamar jikin yaro. Saboda haka ne masana suka ɓullo da hanya mai sassauci. A 2009 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasar Amurka ta ba da rahoton manya 10 masu sikila da aka yi wa dashe ta wannan hanya, ɓargon ya kama ga 9 daga cikinsu, kuma babu wanda ya rasu. Daga baya likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ana iya amfani da mai rabin dacewa, kamar uwa ko uba ko ɗa, idan aka ba da wani magani 'yan kwanaki bayan dashen. Waɗannan hanyoyi sun buɗe wa manya ƙofa, sai dai ba su kawar da haɗarin da ke biyo baya ba.

Haɗurran da ke kai mutum sashen kulawa ta musamman

Daga ranar da aka ɗura ƙwayoyin zuwa ranar da za su fara aiki akan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. A wannan tsakani marar lafiya kamar gida ne da aka rushe katangarsa ba a gina sabuwa ba. Fararen ƙwayoyin jininsa kan yi ƙasa ƙwarai, har ƙwayar cutar da ba ta komai ga mai lafiya ta iya shiga jininsa ta karya masa hawan jini cikin 'yan sa'o'i. Wannan gubar jini tana cikin manyan dalilan da ke sa a garzaya da shi sashen kula da masu tsananin rashin lafiya.

Dalili mafi yawa shi ne gazawar numfashi. Huhu kan kamu da ƙwayoyin bakteriya ko bairos ko funfuna, wani lokaci kuma jini ya tsattsafa a cikinsa, har a buƙaci iskar oksijin mai yawa ko na'urar taimaka wa numfashi. Akwai kuma toshewar ƙananan jijiyoyin hanta, wadda kan bayyana a makonnin farko da shawara da kumburin ciki. Ƙoda ma kan gaza saboda nauyin magunguna, har a kai ga wankin ƙoda. Ga masu sikila musamman, hawan jini da farfaɗiya da zubar jini a ƙwaƙwalwa haɗurra ne da likitoci ke sa wa ido dare da rana.

Sai kuma matsalar da ta keɓanta da dashe daga jikin wani, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da GVHD. A nan baƙo ne ke tayar wa mai gida. Sabuwar garkuwar da aka shuka takan ɗauki jikin da ta shiga a matsayin abokin gaba, ta afka wa fata da hanji da hanta, abin da ke jawo ƙuraje da zawo mai tsanani da shawara. Maganinta shi ne a ƙara danne garkuwar jiki, wanda shi kuma ke ƙara buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Tsaka mai wuyar ke nan, kuma takan fi yawa ga manya. Wannan ne ya sa likitoci ke ɗaukar kwanaki 100 na farko a matsayin lokacin da haɗari ya fi yawa.

Abin da ya canza a ƙasashen da suka daɗe da aikin

A da, shigar irin wannan marar lafiya sashen kulawa ta musamman kusan bankwana ne. Wani nazari daga birnin Siyatil na Amurka da aka buga a 1996 ya duba mutum 865 da aka sa wa na'urar numfashi bayan dashen ɓargo tsakanin 1980 da 1992, aka tarar 53 ne kacal suka rayu, wato kimanin kashi 6 cikin 100. Saboda irin wannan sakamako, asibitoci da dama suka riƙa ɗari-ɗarin karɓarsu.

Amma lamarin ya sauya. A asibitin jami'a na birnin Hanoba da ke Jamus an bi diddigin manya 942 da aka yi wa dashe daga jikin wani tsakanin 2000 da 2013. Mutum 330, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku, sun buƙaci shiga sashen kulawa ta musamman. Cikin waɗanda suka shiga, masu fitowa da rai sun ƙaru daga kimanin kashi 44 a rabin farko na wannan lokaci zuwa kashi 60 a rabi na biyu. Ya kamata a lura cewa akasarin waɗannan mutane masu sankarar jini ne, ba masu sikila ba, don haka ba za a ɗora alƙaluman kai tsaye a kan mai sikila ba. Duk da haka darussa biyu sun fito fili. Na farko, buƙatar wannan sashe abu ce da ake sa ran aukuwarta, dole ne a tanade ta. Na biyu, abin da ya kawo ci gaban ya haɗa da saurin gane alamun haɗari, da kai marar lafiya sashen tun gaɓa ɗaya ce ta fara gazawa, da ingantattun magungunan funfuna da bairos, da kuma aiki kafaɗa da kafaɗa tsakanin likitan jini da likitan sashen.

A nan akwai gyara ga tunaninmu. Jama'a kan kira irin wannan wuri ɗakin gobe-da-nisa, har wasu dangi su ƙi amincewa a kai ɗan'uwansu sai abu ya ƙazanta. Ga wanda aka yi wa dashe, wannan jinkiri shi ne ke mayar da sunan gaskiya. Wanda aka kai da wuri yana da kyakkyawar dama, wanda aka kai bayan huhu da hanta da ƙoda duk sun gaza kuwa, ko a Turai da wuya ya tashi. Haka nan idan likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu na kwanaki ba a ga sauƙi ba, haƙƙin iyali ne a zaunar da su a faɗa musu gaskiya, domin kada a ci gaba da ƙarar da dukiyar marayu a kan abin da ya riga ya fi ƙarfin magani.

Ina muka tsaya?

Sashen kulawa irin wanda wannan aiki ke buƙata ya wuce gini da gadaje. Yana buƙatar wutar lantarki da ba ta ɗaukewa ko da na minti ɗaya, da iskar oksijin wadatacciya, da ɗakin keɓewa mai tataccen iska saboda ƙurar da ke ɗauke da funfuna, da ma'aikaciyar jinya ɗaya ga marar lafiya ɗaya ko biyu. Yana buƙatar ɗakin gwaji da zai gano ƙwayar cuta a jini ya kuma auna yawan maganin danne garkuwa, da ma'ajiyar jini mai iya samar da ƙwayoyin daskarar da jini a kowane lokaci, waɗanda ba sa wuce 'yan kwanaki a ajiye. Kowa ya san cewa a jihohin Arewa irin waɗannan gadaje kaɗan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa da na ƙwararru da ke manyan birane, ga kuma ƙaurar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen waje.

Bisa ga haka, duk hukumar da ke tunanin kafa cibiyar dashe, ya dace ta fara daga tushe. Kuɗin da aka zuba a wuta da oksijin da ma'ajiyar jini da horar da ma'aikata ba ya faɗuwa ƙasa banza, domin mai naƙuda da ta zubar da jini da wanda ya yi haɗarin mota da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar duk za su amfana tun kafin a yi dashe ko guda. Cibiyar dashe da ba ta da wannan tanadi kuwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin tafiya

Kafin iyali su sayar da kadara, ko ƙaramar hukuma ta amince da tallafi, ya kamata a sami rubutaccen ra'ayin ƙwararren likitan jini na asibitin gwamnati cewa wannan marar lafiya ya cancanci dashe, domin ba kowane mai sikila ne ke buƙatarsa ba. A tabbatar an yi gwajin HLA an san matsayin mai bayarwa. A tambayi asibitin da za a je ko manya nawa ya yi wa irin wannan dashe, kuma nawa ne suke raye bayan shekara guda. A tambaya ko kuɗin da aka yanka ya ƙunshi kwanciya a sashen kulawa ta musamman, in kuwa bai ƙunsa ba, nawa ne kuɗin kwana ɗaya. A san tsawon watannin da za a zauna kusa da asibitin bayan sallama, da kuɗin masauki da abinci na mai jinya. A kuma san sunan likitan da zai ci gaba da duba marar lafiya idan ya dawo gida. A yi hattara da dillalai masu alƙawarin waraka ɗari bisa ɗari, domin babu likitan kirki da zai yi wannan alƙawari.

Har ila yau akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa iyalai ba. Magungunan share fage na iya hana haihuwa ga mace ko namiji, don haka wajibi ne a tattauna wannan tun da wuri. Sannan al'adarmu ta kiran dangi su ba da jini tana iya zama illa a nan, domin likitoci kan guji ɗura wa mai jiran dashe jinin ɗan'uwan da ake sa ran zai ba shi ɓargo, saboda jiki na iya shirya masa garkuwa ya ƙi karɓar dashen daga baya.

Bayan dawowa gida

Nauyin jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da masu unguwanni ya fi yawa a wannan mataki. Garkuwar wanda aka yi wa dashe takan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ta murmure. Idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya fara zawo ko ƙuraje ko idonsa ya yi ɗorawa, wannan lamarin gaggawa ne. Kada a tsaya a kantin magani da zaton zazzaɓin cizon sauro ne kawai, a nufi babban asibiti nan take a kuma sanar da ma'aikata cewa an yi masa dashe, domin ƙa'idar ita ce a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda. Ya dace ya riƙa yawo da takarda mai bayanin dashen da magungunansa, ƙaramar hukuma kuma ta san da zamansa ta tanadi motar da za ta ɗauke shi ko da tsakar dare.

A gida kuma a tafasa masa ruwan sha, a dafa abinci ya nuna sosai, ya guji nonon da ba a tafasa ba da tsiren bakin hanya, ya kwana cikin gidan sauro. Ya nisanci turken dabbobi da akurkin kaji da sussuka da rumbun da hatsi ya yi funfuna, ya rufe hanci da baki lokacin ƙurar hunturu. Masu zuwa dubiya su rage cunkoso, mai tari ko mura ya aika gaisuwa daga nesa, wannan ba yanke zumunci ba ne. Kada ya daina shan maganin danne garkuwa don ya ji sauƙi, kada kuma a haɗa masa da jiƙe-jiƙen gargajiya ba da sanin likita ba. Alluran riga-kafin da aka yi masa yana yaro ma sai an sake su bisa tsarin da likitansa zai bayar.

Wani abin lura shi ne, dashe yana canza jini ne kawai, ba ya canza irin da mutum ke gadar wa 'ya'yansa. Mai SS da ya warke zai ci gaba da gadar da S ga duk ɗan da ya haifa, don haka gwaji kafin aure yana nan a kansa.

Kammalawa

Dashen ɓargo rahama ce da Allah Ya hore wa bayinsa ta hanyar ilmi, kuma wasu 'yan ƙasar nan sun rabu da azabar sikila ta dalilinsa. Amma zai ɗauki lokaci kafin ya isa ga mafi yawan masu buƙata. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, wanda ya haɗa da gwajin irin jini. Binciken da aka gudanar a Kano da Kaduna, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya taka rawa a cikinsa, ya nuna amfanin maganin haidroksiyuriya wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara kuma, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin wannan cuta a 2008, dama ce ga limamai da sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi su faɗakar da jama'a.

Ga wanda kuwa likitoci suka tabbatar dashe ne mafita gare shi, kiranmu ga iyalinsa da masu taimaka masa shi ne su yi lissafin tafiyar tun daga ranar tashi har zuwa shekara guda bayan dawowa, tare da ware kaso na musamman domin sashen kulawa ta musamman. Tun ran gini ran zane. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma saka wa masu jinyarsu da alheri.